Littafin aiki: taswirorin bango na Yaƙin Duniya na Ɗaya

8 ga Janairu 2024

An tsayar da tsarin aikin. Taswirori shida ne, na ratayewa a bangon aji, duk rubutun da ke kansu da Hausa, don malaman tarihi na sakandare: Turai a 1914, watan Yuli na 1914 rana bayan rana, fagen yamma, masana'antu da albarkatu, teku, sai Kamaru da iyakar Najeriya. Faɗin kowacce santimita 120 ne, domin iyakar abin da injin buga allon talla yake ɗauka ke nan ba tare da an yi haɗi ba.

Ma'auni: taswirar Turai, santimita ɗaya a madadin kilomita 40. Fagen yamma, santimita ɗaya kilomita 5. Kamaru, santimita ɗaya kilomita 10, tsawonta santimita 150 don ta ɗauko daga Tafkin Chadi har bakin teku.

Ƙa'ida ɗaya aka amince da ita tun yau. Taswirorin da aka saba gani cike suke da manyan kibiyoyi ja da shuɗi, kamar dai runduna tsuntsu ce da ke tashi ta sauka inda janar ya nuna. A namu, layin dogo da tashar jiragen ruwa da hanyar 'yan dako su za a fara zanawa, da layi mai kauri. Kibiya ba za ta hau takarda ba sai an iya nuna ta inda abinci da harsashi suke bin ta.

15 ga Janairu

Taswirar Turai. Kuskuren farko ya fito tun kafin a sa launi: an ɗora aikin a kan taswirar iyakokin yau. A 1914 babu ƙasar Foland, Rasha da Jamus da Ostiriya-Hungari sun raba ta a tsakaninsu. Alsas da wani yanki na Loren suna hannun Jamus tun 1871. Bosniya tana ƙarƙashin Ostiriya-Hungari, wadda ta haɗiye ta a 1908. An goge, an sake zana iyakoki daga tushe. Kwana huɗu suka tafi.

Sai batun launi. Hanya mai sauƙi ita ce a shafa wa ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi, a ce ga ƙawance biyu. Wannan yana koyar da abin da ba haka yake ba, don igiyoyin da suka ɗaure ƙasashen nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Yarjejeniyar Jamus da Ostiriya-Hungari ta 1879 alkawarin yaƙi ce, haka ta Faransa da Rasha da ta tabbata a 1894. Amma fahimtar da Birtaniya ta yi da Faransa a 1904, da wadda ta yi da Rasha a 1907, sasanta rikicin mulkin mallaka ne: Masar da Maroko a ta farko, Farisa da Afganistan da Tibet a ta biyu. Babu inda Birtaniya ta sa hannu cewa za ta yi yaƙi domin Faransa. Italiya kuwa tana cikin ƙawancen Jamus tun 1882, amma da wuta ta kama sai ta noƙe, a watan Mayu na 1915 ma ta shiga ɗaya ɓangaren. Saboda haka an yi layi iri uku: mai kauri don alkawarin yaƙi, mai ɗigo-ɗigo don fahimtar juna, siriri don lamunin da manyan ƙasashe suka yi wa Beljiyam a 1839 cewa ba za a taka ƙasarta ba.

A gefen taswirar an sa akwati ɗaya mai nuna abin da kowa yake tsoro, domin tsoro ya fi kwaɗayi bayyana abin da ya faru. Faransa tana da mutum kusan miliyan 40, Jamus kusan miliyan 67, shi ya sa a 1913 Faransa ta mayar da aikin soja na dole shekara uku. Jamus kuma idonta yana kan Rasha, wadda ke faɗaɗa runduna tana shimfiɗa layin dogo zuwa yamma da bashin Faransa, shirin da ake sa ran kammalawa a 1917. Hafsoshin Jamus sun ƙudurta cewa in yaƙin ba makawa, gara yau da gobe. Birtaniya tsoronta teku: tun da ta ƙaddamar da jirgin yaƙi Dreadnought a 1906 ake tseren ƙera irinsa.

24 ga Janairu

Taswira ta biyu ba taswira ba ce sosai, jadawali ne mai layi shida, kowace babbar ƙasa da layinta, daga 28 ga Yuni zuwa 4 ga Agusta. Ranakun da aka kafa: 28 ga Yuni, Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya-Hungari, Franz Ferdinand, da matarsa a Sarayebo. 5 da 6 ga Yuli, Jamus ta ba Ostiriya tabbacin goyon baya ba tare da sharaɗi ba. 23 ga Yuli, an miƙa wa Sabiya wa'adin sa'a 48. 25, Sabiya ta karɓi yawancin sharuɗɗan, ta ƙi na barin jami'an Ostiriya su shiga binciken a cikin ƙasarta. 28, Ostiriya ta yi shelar yaƙi. 30, Rasha ta ba da umarnin tashin runduna gaba ɗaya. 1 ga Agusta Jamus ta yi wa Rasha shela, 3 ga wata ta yi wa Faransa, 4 ga wata ta shiga Beljiyam, a daren Birtaniya ta shigo.

Abin da jadawalin ya nuna, wanda baki ba ya iya nunawa, shi ne giɓin da ke tsakanin 6 da 23 ga Yuli. Fiye da mako biyu babu komai a fili. Wani ɓangare na dalilin abin dariya ne in ba don abin da ya biyo baya ba: sojojin Ostiriya da yawa suna hutun girbi, kiran su da wuri zai tona asiri. Kuma an jira shugaban Faransa Poincaré ya gama ziyararsa a Rasha ya hau jirgi kafin a miƙa wa'adin. An bar giɓin fari tas, da rubutu ƙarami a ƙasansa.

Matsala biyu. Ta farko kalanda. Rasha da Sabiya a lokacin suna bin tsohuwar kalanda mai bayan ta yau da kwana 13, don haka takardar Rasha za ta ce 17 ga Yuli inda ta Jamus ta ce 30. An samu ranaku uku da suka shigo jadawalin da tsohon lissafi, har ya zama kamar Rasha ta tashi runduna kafin a ba Sabiya wa'adi. An gyara, an kuma rubuta a ƙasan takardar cewa duk ranakun da sabuwar kalanda suke. Wannan zai sake tasowa a 1917: juyin juya halin Rasha da ake kira na Oktoba ranar 7 ga Nuwamba aka yi shi.

Ta biyu kalma. Me za a kira matakin da ƙasa ke kiran sojojin ajiya, ta ba su kaki da bindiga, ta loda su a jirgi zuwa iyaka? An gwada "shirin ko-ta-kwana", aka ga ya yi sanyi, mai ko-ta-kwana yana zaune ne. "Gangami" ya yi kama da taron siyasa. An tsaya a kan "tashin runduna". Dole malami ya bambanta shi da shelar yaƙi, domin a Rasha da Faransa ana iya tashin runduna a tsaya a iyaka. A Jamus kaɗai tsarin ya haɗe su: jadawalin jiragenta yana wucewa kai tsaye zuwa kama Lukzambur da garin Liège na Beljiyam.

2 ga Fabrairu

Hunturu ya ɓata gwajin farko. Kwalin da aka manna a kan falanki da gam na ruwa ya bushe ta baki kafin tsakiya, ya kumbura, ya tsage a kusurwa biyu. An bar kwali. Za a buga a ledar allon talla, a naɗe bakin sama da na ƙasa a zura sandar roba. Gwajin rubutu daga bencin ƙarshe, mita 7 daga bango: sunan gari ba ya karantuwa in tsayin harafi bai kai milimita 12 ba. Wannan ya tilasta rage sunayen da ke taswirar yamma daga 140 zuwa 60. Injin kuma ya mayar da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna. Sai an mayar da rubutun zane kafin a kai wurin bugu.

12 ga Fabrairu

Fagen yamma, kuma nan ne ƙashin bayan aikin duka.

An fara da gadojin kogin Rhine. Tashin rundunar Jamus ya ci jiragen ƙasa kimanin 11,000. Ta gadar Hohenzollern da ke Kolon kaɗai, jirage 2,150 masu tarago 54 kowanne suka wuce tsakanin 2 da 18 ga Agusta, wato kusan jirgi ɗaya duk minti goma, dare da rana. An rubuta wannan adadi a kan gadar, da babban baƙi. Wanda ya gan shi zai gane dalilin da ya sa, lokacin da Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya tambaya ranar 1 ga Agusta ko za a iya juya rundunar gabas kawai, babban hafsansa Moltke ya ce ba zai yiwu ba. Ko da gaske ba zai yiwun ba, masana suna gardama har yau. Abin da ba a gardama a kai shi ne shi Moltke ya yi imani da haka.

Tsarin da Moltke ya gada daga Schlieffen, wanda ya riƙe muƙamin kafin shi: runduna bakwai a yamma, ɗaya tak a gabas tana tsare Rasha, a murƙushe Faransa cikin mako shida ta hanyar zagayowa ta Beljiyam, sannan a juya. Rauninsa yana fitowa da zarar an zana layin dogo. Jirgi yana kai soja iyaka ne kawai. Daga nan ƙafa. Sojojin Beljiyam sun fasa gadoji sun toshe hanyoyin jirgi na cikin dutse kafin su ja da baya, ganuwoyin Liège kuma ba su gama faɗuwa ba sai 16 ga Agusta, bayan an kawo manyan igwogin Krupp masu baki santimita 42. Runduna ta ɗaya ta von Kluck, da ke can gefen dama, ta yi tafiyar kusan kilomita 500 a ƙasa cikin wata guda, a zafin Agusta, kowane soja da kaya fiye da kilo 25 a baya. Da suka iso kogin Marne, a wasu wurare tashar ƙarshe da jirgi ke iya kaiwa tana bayansu da fiye da kilomita 100, tsakani kuwa keken doki ne, dokin ma sai an ɗauko masa abincinsa.

Faransa a nata ɓangaren tana ja da baya ne zuwa kan layukanta, waɗanda duk suke haɗuwa a Paris kamar saƙar gizo. Joffre, babban kwamandan Faransa, ya kwashi sojoji daga gabas ta jirgi ya kafa sabuwar runduna kusa da babban birnin, ita ta bugi gefen von Kluck daga 5 ga Satumba. Labarin motocin tasi na Paris, kimanin 600, gaskiya ne, amma 'yan dubbai suka ɗauka a yaƙin da ya haɗa mutum wajen miliyan biyu. An ba su alama ƙarama. An so a cire su ma, sai aka ga ɗalibai za su ji labarin a wani wuri, gara su gan shi da girmansa na gaskiya.

Ƙa'idar da ta fito: mai kai hari yana tafiya da ƙafa a kan ƙasar da igwa ta farfasa, mai tsaro yana kawo ɗauki da jirgi. Ita ce ta riƙe ramukan yaƙi na kilomita kusan 700, daga Tekun Arewa zuwa iyakar Suwizalan, har shekara huɗu. Ita ce kuma ta sake cin Jamus a 1918: farmakin 21 ga Maris ya ci kusan kilomita 60, abin da ba a taɓa gani ba tun 1914, ya tsaya kafin Amiens, mahaɗar layukan da ake nema. An zana farmakin biyu da launi ɗaya don ido ya haɗa su.

A gabas akwai ƙarin abu: faɗin layin Rasha milimita 1,524 ne, na Jamus 1,435. Taragon wannan ba ya hawa layin wancan, duk wanda ya ci ƙasar ɗaya sai ya sake ɗaure layi ko ya sauke kaya ya sake lodi. An sa na Najeriya, 1,067, a gefe don kwatanci.

21 ga Fabrairu

An gwada nuna yaƙin Somme a taswirar Turai, abin ya gagara. Daga 1 ga Yuli zuwa tsakiyar Nuwamba 1916 an ci ƙasa kimanin kilomita 10 a inda aka fi nisa. A ma'aunin santimita ɗaya kilomita 40, milimita biyu da rabi ke nan, layin da aka ja fagen da shi ya fi shi kauri. An bar shi haka da gangan, aka ja kibiya zuwa rubutu: "Abin da aka ci yana ƙarƙashin wannan layin."

Gyaran alƙaluma. Daftarin farko ya ce sojojin Birtaniya 57,470 suka mutu a ranar farko. Ba haka ba ne. Wannan jimillar waɗanda aka rasa ce a fage, da matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace da waɗanda aka kama. Matattu 19,240 ne. Daga yau kalma biyu: "asarar mayaƙa" don jimilla, "matattu" don matattu, kuma ba za a sa adadi ba sai an san wanne ne. An bi duk takardun shida da wannan ma'auni, an cire adadi huɗu.

Dalilin abin da ya faru ran nan ya shiga akwatin gefe, domin darasin masana'anta ne. An yi mako guda ana ruwan harsashin igwa, kimanin miliyan ɗaya da rabi. Yawancinsu irin masu fashewa a sama su watsa ƙananan dalma ne, masu kyau a kan mutum a fili, marasa tasiri a kan ɗakunan da Jamusawa suka haƙa mita da yawa a ƙarƙashin ƙasa. Da yawa kuma ba su fashe ba sam, saboda sababbin masana'antun da aka buɗe da gaggawa bayan ƙarancin harsashi na 1915 ba su ƙware a kan kunamar harsashin ba. Waya mai ƙaya ta tsira a wurare da yawa. Da wuta ta ɗauke, masu bindiga mai jigida suka hauro suka kafa.

Verdun, garin Faransa da Jamusawa suka kai wa farmaki a 1916, ta samu layi ɗaya mai kauri: hanyar mota daga Bar-le-Duc, kilomita 70 da 'yan kai, wadda manyan motoci wajen 3,000 suka riƙa bi ba tsayawa saboda manyan layukan dogon garin sun yanke ko suna ƙarƙashin wuta.

4 ga Maris

Taswirar masana'antu. Ƙarfen da aka narka a 1913, da tan miliyan: Amurka kusan 32, Jamus 17.6, Birtaniya ƙasa kaɗan da 8, Rasha da Faransa kowacce ƙasa kaɗan da 5, Ostiriya-Hungari 2.6. Jamus ita kaɗai ta kai Birtaniya da Faransa da Rasha a haɗe. Ga shi kuma a makonnin farko ta mamaye arewa maso gabashin Faransa, inda tamar Briey da yawancin kwal ɗin ƙasar suke. Da'irar Amurka ba ta shiga inda aka tanadar mata ba, sai da aka matsar da Tekun Atlantika. Wannan kaɗai ya isa bayanin abin da 6 ga Afrilu 1917, ranar da Amurka ta shiga yaƙin, take nufi.

Kwal ya ba da wahala. Wani lissafi yana ba Jamus tan miliyan 190, wani 277. Duka daidai ne: na biyun ya haɗa da kwal mai ruwan ƙasa, wanda zafinsa bai kai rabin na baƙin ba. An raba da'irar gida biyu. Sannan tan kansa iri uku ne, na Ingila kilo 1,016, na Amurka 907, na sauran Turai 1,000. An mayar da komai na 1,000.

Abu biyu da ba a saba sawa ba an sa su. Na ɗaya gishirin albarushi. Kafin yaƙin daga Chile ake kawo shi ta teku, Birtaniya kuma ta rufe tekun. Abin da ya hana igwogin Jamus yin shiru shi ne hanyar Haber da Bosch ta samo sinadarin daga iska, a masana'antar Oppau da ta fara aiki a 1913, sai Leuna a 1917. Amma sinadarin nan shi ne takin zamani. Abin da ya tafi igwa bai je gona ba, ga maza da dawaki an kwashe, sai yunwar hunturun 1916 zuwa 1917. Na biyu abincin dawaki: nauyin hatsi da ingiricin da Birtaniya ta tura Faransa a tsawon yaƙin ya ɗan zarce na harsashi, kowanne sama da tan miliyan biyar.

Za a dakata har bayan Salla.

18 ga Afrilu

Teku ta zo da sauƙi. Layi biyu na toshiyar Birtaniya, ɗaya a mashigin Dover, ɗaya tsakanin Sikotilan da Norwe. Alama ɗaya a Jutland, inda jiragen yaƙin Birtaniya da na Jamus suka gwabza, 31 ga Mayu 1916. Sai ginshiƙan jiragen kasuwa da aka nutsar wata-wata: Jamus ta saki jiragenta na ƙarƙashin ruwa ba ƙaidi daga 1 ga Fabrairu 1917, a Afrilu aka nutsar da fiye da tan 800,000, daga nan ginshiƙan suka fara gajarta bayan an koma tafiyar ayari da rakiyar jiragen yaƙi. Kalmar "ayari" ta zauna daram, babu ɗalibin da zai nemi a fassara masa dalilin da ya sa fatake ba sa tafiya ɗai-ɗai.

An ƙara kibiyoyin kaya daga Afirka ta Yamma. Kafin 1914 yawancin ƙwarar manjan Najeriya Hambug take zuwa; yaƙi ya rufe wannan kasuwa, aka kori kamfanonin Jamus, kaya suka koma Libaful. Gyaɗar Kano, wadda cinikinta ya bunƙasa bayan isowar jirgi a 1911, ta sha fama da ƙarancin jiragen ruwa. Kuzar Jos ta samu ƙaramin layin dogo daga Zariya da ya kai Bukuru, kwal ɗin Udi kuma ya samu layin Fatakwal a 1916.

29 ga Afrilu

Kamaru. An fara da iyakar 1914, ba ta yau ba: Dikwa da Mubi da Bama suna ɓangaren Jamus, Yola tana ɓangaren Ingila amma yawancin ƙasar Adamawa tana hayi. Ta kudu da gabas kuma akwai yankin da Faransa ta ba Jamus a 1911 don ta sakar mata Maroko, shi ya ba Kamaru ƙafafu biyu masu taɓa kogin Kwango da Ubangi. Wannan yanki shi ne igiyar da ta haɗa taswirar nan da ta farko.

Layin dogo a nan biyu ne kawai, gajeru, duka daga bakin teku: na arewa zuwa Nkongsamba, kilomita 160, da na tsakiya ta Edeya zuwa Eseka. Sauran ƙasar duk kan mutum ne. Don haka aka yi akwatin lissafin ɗan dako, da adadi na misali: kaya kilo 25, tafiya kilomita 20 a yini, ci kilo ɗaya a yini. In zangon kwana biyar ne, zuwa da dawowa ya ci 10, ya sauke 15. In kwana goma ne, ya sauke 5. Ya wuce kwana goma sha biyu, abin da ya ɗauka bai fi cikinsa ba. Wannan lissafi shi ke bayyana yawan rumbunan hanya, da ƙwace abincin ƙauyuka, da matsin da aka yi wa hakimai da dagatai su kawo mutane. Shi ne kuma dalilin da 'yan dako suka fi masu bindiga yawa, kuma cuta da yunwa suka fi harsashi kashe su.

Hare-haren farko na Rundunar Najeriya, wadda Hausa ce harshen umarninta, uku ne, kuma duka ukun sun ci tura. Daga Maiduguri zuwa Mora, aka tarar Kyaftin von Raben ya hau dutse ya kafe. Daga Yola ta Tepe zuwa Garwa, inda harin ƙarshen Agusta ya watse, kwamandan, Maclear, ya mutu. Daga Ikom zuwa Nsanakang, inda Jamusawa suka dawo ranar 6 ga Satumba suka fatattaki masu tsaron. Duka an shiga ne da damina, da ƙananan igwogi, a Mora da Garwa kuma a kan wuraren da aka riga aka haƙa ramuka. Abin da ya faru a Faransa ne a ƙaramin ma'auni.

Duwala ta faɗi ta teku ranar 27 ga Satumba 1914. Garwa sai 10 ga Yuni 1915, bayan kwamandan Ingilishi Cunliffe ya sa an hau da igwar jirgin ruwan yaƙi ta Kwara da Binuwai, Faransawa kuma suka kawo tasu mai milimita 95. An sa wa Binuwai launi biyu, don manyan jirage ba sa kaiwa Yola da Garwa sai a 'yan watannin cikar ruwa. Daga nan Ngaundare a ƙarshen Yuni, dutsen Banyo 4 zuwa 6 ga Nuwamba, Yawunde 1 ga Janairu 1916. Ragowar Jamusawa suka tsallaka yankin Sifaniya na Rio Muni. Mora ba a ci ta da yaƙi ba. Von Raben ya sauko ranar 18 ga Fabrairu 1916, bayan kusan wata goma sha takwas, da ya tabbata babu sauran wanda yake jira.

Rubutun sunaye: Garwa, Marwa, Kusuri, Ngaundare kamar yadda ake faɗa, ba yadda Faransawa ko Jamusawa suka rubuta ba. Za a sa rubutun Faransanci ƙarami a ƙasa saboda masu karatu na Kamaru da Nijar da Chadi.

Togo, wadda ita ma take hannun Jamus, ta samu ƙaramin akwati a kusurwa: tashar wayar iska ta Kamina, wadda ke haɗa Balin, babban birnin Jamus, da jiragenta a Atlantika, ita ce abin nema. Jamusawa suka rushe ta da hannunsu, suka miƙa wuya 26 ga Agusta 1914.

9 ga Mayu

An rataye gwajin taswira ta uku da ta shida a aji biyu. Abin da ya fito: shuɗin kogi da shuɗin Faransa sun rikice daga nesa, an mayar da Faransa kore. Ɗalibai sun ɗauka ramin yaƙi guda ɗaya ne dogo kamar gwalalon ganuwa, don haka za a ƙara zanen yanki: layin gaba, na tallafi, na ajiya, da ramukan da ke haɗa su, duk a karkace don kada harsashi ɗaya ya share tsawon rami. Tambayar da aka fi yi a taswirar Kamaru ita ce su wane ne sojojin Jamus ɗin. Amsar ba ta kan takardar, kuma laifin aikin ne: hafsoshi ne Turawa, masu bindigar 'yan Afirka ne, a ɓangarorin biyu. An ƙara wannan a saman akwatin alamomi.

20 ga Mayu

Ana kan ƙarin takarda ta bakwai, wadda ba ta cikin tsarin farko, don abubuwa biyu sun rasa wurin zama. Ɗaya Agadas: Kawusan, jagoran Abzinawa, da goyon bayan Sanusiyya da Sarkin Agadas Tagama, ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya daga Disamba 1916 har 3 ga Maris 1917, lokacin da ɗauki ya iso daga Damagaram, Ingilishi kuma suka turo sojoji daga Najeriya su tsare iyaka. Wannan yana buƙatar layi zuwa Libiya da kuma shelar jihadin da Daular Usmaniyya ta yi a Nuwamba 1914, ba tare da an nuna kamar daga Istambul aka kitsa komai ba. Harajin Faransa da ƙwace raƙuma da farin shekarun 1913 da 1914 suna da nasu kaso. Ɗayan Afirka ta Gabas: birged ɗin Najeriya ya sauka Darussalam a Disamba 1916, ya sha yunwa a bakin kogin Rufiji da daminar 1917 lokacin da hanyoyi suka nutse, ya yi asara mai yawa a Mahiwa a tsakiyar Oktoba. Kwamandan Jamus a can, von Lettow-Vorbeck, bai ajiye makami ba sai 25 ga Nuwamba 1918, mako biyu bayan an tsagaita wuta a Turai.

Ma'aunin da zai ɗauki Agadas da Darussalam a takarda ɗaya shi ne santimita ɗaya kilomita 50, a nan kuwa Mahiwa da Lindi sun kusa haɗewa. Za a gwada ƙaramin akwati na kudancin Tanganyika a kusurwar hagu ta ƙasa, inda teku ta bar fili. Saura kuma layin rabon Kamaru na 1919, wanda ya mayar da Dikwa da Mubi ɓangaren Ingila. Ba a yanke ba tukuna ko ya hau takarda ta shida da ɗigo-ɗigo, ko a bar shi sai an zo taswirar bayan yaƙi. Takarda ta ɗaya zuwa ta biyar za su tafi wurin bugu ranar 27 ga wata, kwafi uku-uku na gwaji.